Ƙodar da ta yi jinkirin sakin sinadari: nazarin gwajin MAG3 ga jariri mai kumburin ƙoda

Jariri ne namiji, sati 7 da haihuwa, nauyinsa kilo 5, yana shan nono yana ƙiba, babu zazzaɓi, babu kukan da ya wuce na jarirai. Abin da ya kai shi asibiti hoton awon ciki ne: tun a wata na bakwai aka hango kwarmin ƙodarsa ta hagu ya buɗe fiye da kima. Kwarmin ƙoda shi ne ɗan wurin da fitsari ke taruwa a tsakiyar ƙoda kafin ya bi bututu ya gangara mafitsara. Da aka sake sikanin bayan haihuwa, faɗin kwarmin daga gaba zuwa baya ya kai milimita 22. Ƙodar dama lafiya lau, mafitsara ma haka, bututun da ke saukowa daga hagu kuma bai kumbura ba. Irin wannan siffa wuri ɗaya take nunawa, wato mahaɗar kwarmi da bututu, inda aka fi samun matsewa ga jarirai, galibi maza, kuma galibi a hagu.

An harhaɗa lamarin ne daga irin abin da ɗakunan gwaji ke gani a kai a kai. Alƙaluman jaririn na misali ne, amma ƙa'idojin da aka auna su da su na ainihi ne.

Kwarmi zai iya buɗewa alhali fitsari na wucewa ba tare da matsala ba, kuma yawancin kumburin da ake gani a awon ciki da kansa yake bajewa. Zai kuma iya buɗewa saboda toshewar da ke cin ƙodar a hankali. Na farko sa ido yake buƙata, na biyu tiyata, sikanin kuwa ba ya iya raba su. Shi ya sa likitan tiyatar yara ya tura jaririn gwajin renogiram, inda ake sa sinadarin bin sawu a jijiya, kyamarar gama ta riƙa ƙirga hasken da yake fitarwa yayin da ya shiga ƙoda ya kuma fita.

Hanyoyin da ƙoda ke bi da sinadarin

Abin da ke fitar da hasken teknishiyam-99m ne. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi kowace awa 6, shi ya sa ba a ajiye shi: daga wata na'ura mai ɗauke da molibdenam-99 ake tatso shi a ranar gwajin, shi kuma molibdenam ɗin yakan ragu da rabi duk awa 66. Teknishiyam shi kaɗai ba ruwansa da ƙoda. Sai an ɗaure shi a jikin wani sinadari, kuma wannan abokin ɗaurin ne ke yanke hanyar da zai bi.

Kowace ƙoda tana da ƙananan sassan aiki, nefuron, kimanin miliyan ɗaya. Kowane nefuron yana da matata a bakinsa da siririn bututu a bayanta. A jikin babban mutum, ruwan jini kimanin mililita 600 ne ke ratsa ƙodojin biyu a minti ɗaya, matatun kuma suna tace kimanin mililita 120 daga ciki, kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Sauran kashi huɗun yana zagayawa ta ƙananan jijiyoyin da suka naɗe bututun.

Abokin ɗauri na farko shi ne DTPA, wanda ta matata kawai yake wucewa. Ba a mayar da shi jini, bututu kuma ba ya ƙara komai a kai. Saboda haka ƙoda ba ta iya cire fiye da kashi 20 cikin 100 na abin da ya ratsa ta a zagaye ɗaya. Yana da kyau wajen auna ƙarfin tacewa, amma ga jariri hotonsa ba ya fita tar, domin da yawansa yana nan cikin jini da tsoka yana dusashe ƙodar.

Na biyu, MAG3, wanda Alan Fritzberg da abokan aikinsa suka fito da shi a 1986, akasin haka yake. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa yana manne da furotin na jini, furotin kuwa ba ya ratsa matata. Ƙwayoyin sashen farko na bututun ne ke da ƙofofi na musamman, babbarsu ita ce OAT1, da ke fizge shi daga jini su tura shi cikin fitsari. Ta wannan hanya ƙoda ke cire kashi 40 zuwa 50 cikin 100 a zagaye ɗaya, ninki biyu na DTPA ko fiye. Ga mai lafiyayyar ƙoda, kimanin kashi 70 cikin 100 na allurar yana cikin fitsari bayan minti 30.

Na uku DMSA, wanda ke shiga ƙwayoyin bututun ya zauna. Bayan awa 2 zuwa 3 kusan rabin allurar na maƙale a ɓawon ƙoda, shi ya sa ake neman tabo da shi bayan ciwon sanyin ƙoda. Ba ya faɗin komai game da gangarowar fitsari, don haka ba shi da gurbi a wannan lamari.

Ga jariri MAG3 ake zaɓa, kuma ba a gaggawa. Ƙodar sabon haihuwa ɗanya ce: ƙarfin tacewarta, ko an daidaita shi da girman jiki, ya yi ƙasa sosai da na babba, kuma ba ya cika sai wajen shekara 2. Dalilin da ya sa ake jira jariri ya kai sati 4 zuwa 6 kafin a yi gwajin ke nan.

Akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa. Furosemayid, maganin sa fitsarin da aka fi sani da Lasix, wanda ake bayarwa a tsakiyar gwajin, shi ma manne yake da furotin, shi ma ta waɗannan ƙofofi na bututun farko yake shiga fitsari, sannan ya gangara can gaba ya hana a mayar da gishiri da ruwa cikin jini. Daga cikin bututu yake aiki. Ƙodar da ba ta iya jan MAG3 da kyau ba za ta ji maganin da kyau ba.

Gwajin farko

Iyalin sun taso daga nesa. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin wuraren da ke da kyamarar gama a yankinmu ƙalilan ne: a Najeriya waɗanda aka fi sani su ne asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, a Nijar kuma cibiyar da ke Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Sun kwana a hanya cikin zafi. Da safe mahaifiyar ta hana jaririn nono na tsawon awa 4, bisa zaton da mutane da yawa ke yi cewa kowane gwajin asibiti da ciki wayam ake yin sa. Babu wanda ya tambaye ta.

Aka sa kanula a bayan hannu, aka kwantar da shi rigingine da kyamarar a ƙarƙashin bayansa, aka ba shi MAG3. Ga jariri mai wannan nauyi adadin yana tsakanin megabekerel (ma'aunin ƙarfin hasken da ke cikin allura) 15 da 37, gwargwadon ƙa'idar da cibiyar ke bi, ta Turai ko ta Amurka. A minti na 20 aka ba shi furosemayid miligiram 5, wato miligiram 1 ga kowane kilo. Wannan tsari shi ake kira F+20, kuma asalinsa aikin Patrick O'Reilly da abokansa ne a Ingila a 1978. Aka ci gaba da ɗauka har minti na 40, aka sauke shi. Bai yi fitsari ba duk tsawon lokacin, kuma ba a ɗauki wani hoto bayan nan ba.

Kwamfuta ta zana layi ga kowace ƙoda, mai nuna yawan hasken da ke cikinta minti bayan minti. Layin lafiyayyar ƙoda yakan hau da sauri, ya kai ƙololuwa tsakanin minti 3 da 5, ya sauko. Na hagun jaririn nan ya hau ya miƙe, bayan furosemayid ma da ƙyar ya sunkuya. Lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya ragu da rabi, wanda za mu kira lokacin rabi, ya haura minti 20. Na dama minti 14. Rabon aiki, wato kason da kowace ƙoda ke ɗauka daga aikin ƙodojin biyu: hagu kashi 47, dama kashi 53.

Tsohuwar ƙa'ida ta ce ƙasa da minti 10 babu toshewa, sama da 20 akwai, tsakaninsu babu tabbas. Da ita aka rubuta rahoton: toshewa a hagu, a duba yiwuwar tiyata.

Inda rahoton ya kuskure

Likitan tiyatar bai gamsu ba, ya nemi a sake karanta hotunan. Abin da ya fara jan hankali ba ƙodar hagu ba ce. Ƙodar dama, wadda sikanin ya nuna ba ta da komai, me zai sa ta yi minti 14? Idan lafiyayyar ƙoda ta yi nawa, to akwai abin da ya shafi duka biyun, kuma a nan abubuwa biyu ne: ƙarancin ruwa a jiki da cikar mafitsara.

Jikin da ke jin ƙishirwa yana riƙe ruwa. Bututun nefuron yana ci gaba da jan MAG3 daga jini kamar kullum, amma ruwan da zai kwashe shi ya yi kaɗan, furosemayid kuma ba ya samun abin da zai kora da yawa. Sai sinadarin ya taru a kwarmi ya zauna.

A nan girman kwarmin ke shigowa, kuma shi ne zuciyar lamarin. A ɗiga shuni a moɗa da randa, a riƙa zuba musu ruwa daidai wa daida yana malala ta baki: moɗar za ta washe nan da nan, randar kuwa za ta daɗe da launi ko da babu abin da ya tare bakinta. Lissafin mai sauƙi ne. Idan sinadarin ya gauraye sosai, lokacin rabi shi ne girman kwarmin a raba da yawan fitsarin da ke ratsa shi a minti ɗaya, a ninka da 0.693. A ce kwarmin jaririn da rassansa suna cin mililita 10. Idan ƙodar na fitar da rubu'in mililita a minti, lokacin rabi zai kusan kai minti 28. Idan tana fitar da mililita 1, minti 7 ne. Ƙoda ɗaya, bututu ɗaya, babu toshewa ko kaɗan, amma sakamakon farko zai kai yaro ɗakin tiyata, na biyun ya mayar da shi gida.

Mafitsara kuma ta jariri ƙarama ce, tana cin kimanin mililita 7 ga kowane kilo, wato wajen 35 ga wannan yaro. Idan ta cika, matsin da ke cikinta yana hana fitsarin sama saukowa, kuma kwarmin da ya riga ya saki shi ya fi jin wannan. A hotunan ƙarshe an ga mafitsarar ta yi tsantsan da haske. Ga kwanciyar rigingine, wadda ke hana nauyin ruwan taimakawa wajen gangarowa.

Sai aka bi sauran wuraren da gwajin kan lalace. An duba hoton hannun da aka yi allurar, domin idan wani kaso ya zube a ƙarƙashin fata yakan riƙa tsiyaya cikin jini a hankali, layin ya yi ta hawa kamar na toshewa. Idan kuma kanular ta goce kafin minti na 20, furosemayid ɗin ma bai shiga ba. A nan hannun ba shi da haske. An duba wuya da tumbi, inda teknishiyam ɗin da bai ɗauru ba yake taruwa idan haɗin bai yi kyau ba. Ana dafa kwalbar MAG3 minti 10 a tafasasshen ruwa, kuma ba a yarda a yi allura da ita sai aƙalla kashi 90 cikin 100 ya ɗauru. Nan ma babu matsala. An kuma sake zana iyakar ƙodar dama, domin hanta na zaune a kanta cike da jini mai ɗauke da MAG3, kuma in aka yi sakaci wajen cire hasken da ba na ƙoda ba, rabon aiki yakan karkace da maki da yawa. Rabon bai canza ba.

Wannan rabo na 47 da 53 shi ne abin da ya fi kowane adadi nauyi a rahoton, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana auna shi tsakanin minti na 1 da na 2 bayan allura, lokacin da bututun ya ja sinadarin amma bai kai kwarmi ba tukuna. Saboda haka ƙishirwa da cikar mafitsara da girman kwarmi ba su cika taɓa shi ba. Tsakanin 45 da 55 ake ɗauka daidai. Ƙodar da ke yin kashi 47 na aikin ba ta nuna alamar ana cin ta. Yana da iyakarsa: kwatance ne tsakanin ƙodoji biyu, don haka idan duka biyun sun yi rauni tare zai iya nuna 50 da 50. A nan dama lafiyayya ce, ana iya dogara da shi.

A ra'ayinmu, rubuta kalmar toshewa bisa lokacin rabi kaɗai, ga jaririn da bai sha ba kuma bai yi fitsari ba, kuskure ne da bai kamata ya fita daga ɗakin gwaji ba. Saurin gangarowa yana kore toshewa. Jinkiri kuwa ba ya tabbatar da ita sai an kawar da duk sauran dalilan jinkiri. Abin da ya dace rahoton ya ce shi ne aikin ƙodar hagu yana nan daidai, ba a iya yanke hukunci kan gangarowa ba, a sake.

Gwaji na biyu

Aka sa rana bayan sati 6. Wannan karon an kira mahaifin a waya tun kwana biyu kafin ranar: «Malam, a gaya wa maman yaro kada ta hana shi nono. Ta ba shi kamar kullum, in kun iso ma za ta ƙara ba shi.» Rabin awa kafin allura ya sha ya ƙoshi. Wasu cibiyoyi suna ƙarin ruwan gishiri ta jijiya, mililita 15 ga kowane kilo cikin minti 30, tare da robar fitsari a mafitsara, bisa tsarin da likitocin Amurka suka fitar a 1992. Na Turai sun fi karkata ga shayarwa da hoton bayan fitsari, suna barin roba ga yaron da mafitsararsa ba ta aiki daidai ko wanda fitsari ke komawa sama sosai. Na biyun aka bi.

Ba a ba shi maganin barci ba. Maganin barci yana iya hana yaro yin fitsari, wato yana haifar da matsalar da ake gudu. Jaririn da ya ƙoshi, aka naɗe shi da zane aka tallafe shi ta gefe biyu, yakan yi barci da kansa.

An ba da furosemayid tare da MAG3 a lokaci guda, tsarin F0, wanda ke rage tsawon kwanciyar da haɗarin gocewar kanula. Akwai kuma F-15, inda ake ba da maganin minti 15 kafin sinadarin domin ya tarar da fitsari na gudu da ƙarfinsa. An fi amfani da shi ga manya idan gwajin farko bai ba da amsa ba.

Aka ɗauka minti 20. Layin dama ya sauko da wuri. Na hagu ya sauko a hankali, da saura mai yawa a kwarmi. Sai aka ɗaga jaririn, mahaifiyar ta saɓa shi a kafaɗa a miƙe, aka jira ya jiƙa famfas, aka canza masa, aka mayar da shi kan kyamara wajen minti 50 zuwa 60 bayan allura, aka ɗauki hoto na minti ɗaya. Kwarmin hagu ya kusan washewa: hasken da ya rage bai kai wanda ke cikin ƙodar a minti na 2 ba. Rabon aiki 48 da 52. Bambancin maki ɗaya da gwajin farko ba komai ba ne, yana cikin kuskuren awo.

Ga masu karanta gwajin manya, abubuwa biyu na nan gida sun cancanci tambaya kafin allura. Diclofenac, wanda ake saye a kemis ba takarda, yana iya jinkirta gangarowar sinadarin. Mai ciwon sikila kuma ƙodarsa ba ta iya riƙe ruwa da kyau, furosemayid zai iya busar da shi, don haka sai an tabbatar ya sha isasshe kafin gwaji da bayansa.

Rediyeshan da shawarar ƙarshe

Iyayen sun tambaya ko rediyeshan, wato hasken da sinadarin ke fitarwa, na allura biyu cikin sati 6 zai cutar da yaron, kuma tambaya ce mai kyau. Yadda ƙoda ke saurin fitar da MAG3 shi ya sa ba ita ke ɗaukar mafi yawan rediyeshan ba. Bangon mafitsara ne, inda sinadarin ke zama yana jira. Ga babba mai lafiyayyar ƙoda, kowane megabekerel yana ba jiki kimanin milisibat (ma'aunin rediyeshan da jiki ya ɗauka) 0.007, kuma yin fitsari cikin awa ta farko yana rage wannan zuwa ƙasa da rabi. Gwajin jariri ba ya kai milisibat 1, alhali matsakaicin abin da mutum ke samu daga ƙasa da iska da abinci da sararin sama a shekara ya haura milisibat 2. Bayan awa 24 teknishiyam ɗin da ya rage kashi ɗaya cikin 16 ne, ko da bai fita daga jiki ba. Abin da ake gaya wa uwa shi ne ta yawaita shayarwa, ta riƙa canza famfas da wuri a wannan yini, ta wanke hannu bayan kowane canji.

Ba a yi tiyata ba. Sa ido ga ƙodar da aikinta ya haura kashi 40 tsari ne da Philip Ransley da abokansa na asibitin yara na Great Ormond Street a Landan suka wallafa sakamakonsa a 1990, inda mafi yawan irin waɗannan yara ba su buƙaci wuƙa ba. Wasu kuwa sun buƙata daga baya, shi ya sa sallama ba ta nufin an gama. An sa wa jaririn sikanin bayan wata 3, aka kuma rubuta wa iyayen abubuwan da za su sauya shawarar: faɗin kwarmin ya ci gaba da ƙaruwa, musamman in ya doshi milimita 30, rabon hagu ya faɗi ƙasa da kashi 40 ko ya zube da maki 10 tsakanin gwaji biyu, ko yaron ya yi zazzaɓi da ciwon sanyin fitsari, ko ciwon ciki da amai masu dawowa. Idan ɗaya daga cikinsu ya faru za a sake renogiram da tsari iri ɗaya da na biyun, F0 da hoton bayan fitsari, domin gwaji biyu ba sa kwatantuwa sai an yi su a hanya ɗaya. In an tabbatar ƙodar na ja baya, aikin da ake yi shi ne na Anderson da Hynes, wanda aka fara bayyanawa a 1949: a yanke matsattsen wurin, a rage kwarmin idan ya yi yawa, a sake ɗinke bututun a ƙasansa. Nasararsa tana haura kashi 90 cikin 100, ko da yake kwarmin yakan ci gaba da nuna faɗi a sikanin na tsawon watanni bayan aikin.